Asmar matanmu ba shagwaɓa ba ce

1/ Jama'a, ni dai na gaji da jin ana ce wa mace mai asma raguwa. Da yarinta cutar ta fi kama maza, bayan balaga sai ta koma kan mata.

2/ A 2017 masu bincike a Amurka da Faransa sun gwada ɓeraye: sinadarin maza, testostiron, yana danne ƙwayoyin da ke kumbura hanyar numfashi. Ɓera ba mutum ba ne, amma dai.

3/ Ɗora hayaƙin itace da ƙurar hunturu. A Bagega har dutsen zinari aka riƙa niƙawa cikin gidaje. Wa ke wuni yana shaƙa? Ita.

4/ Malam, kai ta asibiti, saya mata inhela. Murhun kuma a fito da shi tsakar gida.