Rumbun Ajiya a Cikin Gida

Akwai wani sha'ani da waɗansu ma'abota kwamfuta suka mai da shi abin shaƙatawa, watau ajiye 'yar na'ura a gida tana aiki dare da rana, tana riƙe musu hotuna da takardu, maimakon su danƙa wa wani kamfani amanarsu. Sabar ake ce mata. Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Ingila cikin 2012 kan dala 35, ta isa wannan aiki, ga ta kuwa ba ta fi tafin hannu ba.

Ni a ganina abin yabo ne. Amma fa da rubutaccen umurni ake sarrafa ta, kuma ba ta da kara ko kaɗan. In ka rubuta mata rm, nan take za ta share fayil, ba tambaya, ba kwandon shara da za ka koma ka tono. Saboda haka, kafin mutum ya koyi kome, lalle ya fara da rsync, umurnin da ke kwafe ajiyarsa zuwa wani faifai dabam, yana ɗaukar abin da ya sake kaɗai. Faifan nan kuwa a kai shi gidan ɗan'uwa, don in gobara ta tashi kada a rasa duka biyu.