Zauren Iyali: Abincin da ke cikin nonon uwa wanda ba don jariri aka yi shi ba



Akwai wani abu a cikin nonon uwa da ya daɗe yana ba masana mamaki. Idan aka cire ruwa, bayan sukarin madara da maiƙo, abu na uku mafi yawa a cikinsa wasu nau'o'in sukari ne da aka gano fiye da iri 150 daga cikinsu, amma cikin jariri ba ya iya narkar da su. Jikin uwa ya yi wahalar haɗa su, yaro ya tsotsa, su gangara har babban hanji kusan yadda suka shiga. To, wa aka yi wa wannan girki?

Amsar ta fara bayyana a Faransa a 1899, lokacin da likitan yara Henri Tissier na cibiyar Pasteur ya duba kashin jarirai masu shan nono, ya tarar wata bakteriya mai kai biyu kamar gwafa ta rinjayi sauran. Ita ce ake kira Bifidobacterium. A shekarun 1950 Paul György da Richard Kuhn suka nuna cewa nonon ɗan'adam yana ɗauke da abin da ke ciyar da ita, wanda madarar saniya ba ta da shi sai ɗan kaɗan. Sukarin nan da muka ambata shi ne abincin.

Da yawanmu mun tashi da jin cewa duk ƙwayar da ido ba ya gani cuta ce. Ba haka ba ne, kuma matanmu da ke kwana da madara su wayi gari da kindirmo sun riga likita sani, domin irin waɗannan halittu ne ke yi musu aikin. Jariri yana zuwa duniya hanjinsa kusan wayam, kamar sabuwar unguwa da ba a tare ba. Masu tarewar farko daga jikin uwa suke fitowa: hanyar haihuwa, fatarta, da nonon kansa. Nono kuwa yana zaɓen wanda zai ciyar. Bakteriyar nan ta ci, ta yawaita, ta fitar da tsami, har da irin na kindirmo, kuma ƙwayoyin zawo da yawa ba sa jin daɗin zama cikin tsami. Wani sashe na sukarin ma kama yake da bangon hanji, sai ƙwayar cuta ta maƙale masa bisa kuskure, a fitar da su tare.

Shi ya sa kashin jariri mai shan nono zalla yake rawaya, mai laushi, mai ɗan warin tsami. Sau nawa kaka ta ga haka ta ce zawo ne, aka aika kasuwa sayen kafso wurin mai tebur? Maganin kashe ƙwayoyi ba ya bambanta baƙo da ɗan gida, share unguwar yake yi. Idan likita ya rubuta, a bayar. Idan bai rubuta ba, a bari.

Haka batun dakashi, nonon kwanakin farko mai kauri da wasu gidaje ke tatsewa su zubar wai ƙazanta ne. A cikinsa sukarin nan ya fi yawa, tare da sinadaran kariya da ke shafe hanjin yaro. Sai kuma ruwa da bauri. Mun san zafin bazara, mun san tausayi ne ke sa a ɗura wa jinjiri ruwa, amma kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwan randa yana iya shigo da ainihin ƙwayoyin da ake tsarewa. Mu da muka tashi a zauren malamai ba za mu ɓoye ba: addu'a da tofi ga jariri ba sa buƙatar a ba shi abin sha. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2 ko fiye. Shekara biyun nan mun riga mun karanta ta a Suratul Baƙara, aya ta 233.

Wani bincike da aka buga a 2015 kan jarirai 98 a ƙasar Suwidin ya nuna cewa daina shan nono, fiye da fara cin abinci, shi ne ke juya ƙwayoyin hanjin yaro zuwa irin na manya. Wato mai shan kunu da nono tare yana nan da masu gadinsa. Saboda haka maigida, kafin ka goyi bayan yaye na gaggawa, ko ka kai yaro gidan kaka a rana ɗaya, ku zauna da uwargida ku je wurin ungozoma ko likita a tsara shi sannu a hankali. Uwar da rashin lafiya ya hana ta shayarwa kuwa ba abin zargi ba ce, a kai ta asibiti a nuna mata abin da ya dace da ɗanta.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya so.