RA'AYINMU: Kalma Uku Kowace Rana

A cikin watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke manufar nan ta 2022 wadda ta ce a koyar da yara da harshen uwa tun daga aji ɗaya har aji shida na firamare. Bisa ga sanarwar, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Dalilin da aka bayar kuwa shi ne yawan faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Tun daga ranar muhawara ta kaure a ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin gwamnati, wasu na yabo, wasu na Allah wadai. Mu dai a wannan mujalla muna ganin an bar jaki ana dukan taiki. Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: yaron da za a koyar da shi cikin Turancin nan, kalma nawa ya sani a ciki, kuma wa zai koya masa sauran?

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata a lura da shi tukuna. Ɗalibin da ya zauna jarrabawar WAEC a 2025 ya bar firamare tun 2019, watau shekara uku kafin a zartar da manufar da aka ɗora wa laifin. Ashe ke nan ciwon ya girmi manufar. Tun da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta na UPE a watan Satumba na 1976, aka kuma fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, ake ta jujjuya maganar wane harshe za a yi amfani da shi a wane aji, amma ba kasafai ake jin wani ya tambayi yawan kalmomin da yaro ke fita da su daga aji shida ba.

Don mu ga nauyin tambayar, bari mu dubi ƙasar da da yawa daga cikinmu suka fito. Duk wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau zuwa Bici da Tsanyawa, ko ya bi hanyar Daura zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa ta Minjibir da Makoɗa da Kunci, ya san babu daji a wannan yanki. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin gawo da ɗorawa, ƙauye na hango ƙauye. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga baya ya dawo Bayero, ya nuna cewa manoman kewayen Kano suna nome kusan duk ƙasarsu kowace shekara ba hutu, suna riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni da ake kaiwa a kan jakuna. To, daga lokacin zuwa yau jama'a ta ninka, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da taku ɗaya ba. Gonar da kaka ya ciyar da gida guda da ita an raba ta ga 'ya'ya, an sāke raba ta ga jikoki. Tilas ne wasu daga cikin yaran kowane gida su nemi abinci a wajen gona.

Ƙofar fitar kuwa an sa mata kwaɗo, makullin yana hannun Turanci. Ba jami'ar da za ta ɗauki ɗalibi in ba shi da kiredit a Turanci, kuma kowane mai zama jarrabawar JAMB dole ya amsa takardar Turanci, ko da Hausa ko Larabci yake son karantawa. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Bici, ga Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa, duk a bakin ƙofar yaran nan, amma da yawansu sai dai su wuce su a kan keke. Wanda ya zauna a gona ma bai tsira ba. Bayanin da ke jikin kwalbar maganin feshi, da buhun takin zamani, da kwalin maganin yara, da saƙon banki a waya, galibi da Turanci suke. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Ba mu ce rashin Turanci kaɗai ya jawo haka ba, amma manomin da ba zai iya karanta yawan ruwan da za a sirka magani da shi ba, ko kwana nawa za a jira kafin a ci amfanin, lalle yana wasa da lafiyar iyalinsa da ta masu sayen kayansa bai sani ba.

Abin da ke damun yaron ƙauye a aji kowa ya san shi. A birni yaro na tsintar Turanci a allunan talla da talabijin da bakin yayyensa. A ƙauye kuwa da an tashi daga makaranta Turanci ya tashi ke nan sai gobe. Malami ya rubuta a allo su kwafa, ya faɗa su amsa da babbar murya, ya tambaya ko sun gane su ce sun gane. Masu bincike kan koyon harshe, irin su Farfesa Paul Nation da abokan aikinsa, sun nuna cewa mai karatu na bukatar ya san kimanin kalma 98 cikin kowace 100 kafin ya fahimci rubutu shi kaɗai ba mai taimako. Yanzu a ɗauki shafi mai kalma 200 a ba yaron da ya san rabinsu kawai. Kalma 100 ke nan baƙi gare shi a shafi guda. Ko ba a faɗa ba, wannan yaro ba lissafi ko kimiyya ya faɗi ba, tambayar ce bai ji ba. Kada kuma wani ya ce mana ƙwaƙwalwa ce babu. Yaron da ya haddace izu goma a makarantar allo kafin ya balaga ba za a ce kansa ya gaza ɗaukar kalmomin Turanci ba.

Abin farin ciki shi ne kalmomin da ake bukata ba su da yawan da ake tsoro, kuma an daɗe da gano haka. A 1930 wani Bature ɗan Ingila, C. K. Ogden, ya fito da jerin kalma 850 da ya ce sun isa a yi zancen yau da kullum, ko da yake an soke shi da cewa ya matse harshen ainun, gama aikatau 18 kacal ya bari. Michael West, wanda ya yi shekaru yana horar da malamai a Dakka ta ƙasar Bengal, inda yara ke fama da irin matsalarmu, ya buga jerin kalmomi kimanin 2,000 a 1953, waɗanda suka fi yawan fitowa a magana da rubutu. Waɗannan 2,000 su ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ke cikin rubutun Turanci na yau da kullum. Muryar Amurka ma, tun daga 1959, ta riƙa watsa labarun duniya da Turanci mai sauƙi da kalmomi kimanin 1,500. Ba mu ce 2,000 sun isa a ci WAEC ba. Harsashi ne, wanda in babu shi duk abin da aka ɗora zai rushe.

To, ta yaya za a sa su a kan yaro? Ta Hausa mana. Ma'anar baƙuwar kalma ba ta shiga sai ta ƙofar kalmar da aka riga aka sani. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka ba malami ƙwararre ya koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi wa takwarorinsu fintinkau. Ba sai mun je Ife ba ma. A 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, da haɗin gwiwar Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jihar Kano da British Council da wasu, inda aka riƙa rarraba yaran aji huɗu zuwa shida bisa ga abin da kowa ya iya, a fara ƙarfafa karatun Hausa, sannan a bi ta Hausar a shiga Turanci. Wannan ita ce hanyar da hankali ya yarda da ita, kuma ba ta saɓa wa kowace sanarwa ba, don ba dokar da ta hana malami ya gaya wa yaro ma'anar kalma da harshen da yake ji.

Daɗin daɗawa, yaron Bahaushe ba da hannu wofi yake zuwa ba. Mota, tebur, fensir, bokiti, asibiti, famfo, tikiti, taya, birki, inji, siminti, kotu, soja, kananzir, duk Turanci ne da ya sa rigar Hausa. Malamin da ya nuna wa yara cewa bokitin da suke ɗebo ruwa da shi shi ne "bucket", famfo kuma shi ne "pump", ya cire musu tsoro tun ranar farko, sai gyaran lafazi kawai ya rage. Bayan waɗannan sai a shiga sunayen abubuwan da yaro ke gani kullum, irin su rijiya da rumbu da fartanya da taki da jaki, waɗanda jerin da aka tsara a Ingila ba lalle ya damu da su ba. Sannan a ba da ƙarfi ga ƙananan kalmomin nan masu ɗaure zance, takwarorin "domin" da "sai dai in" da "ko da yake" da "tsakanin", da kuma kalmomin umurni na jarrabawa, takwarorin "kwatanta" da "bayyana" da "jero". A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe.

Ga lissafinmu. Shekarar karatu zango 3 ce, kowane kimanin mako 12, watau mako 36. In aka koya wa yaro kalma 3 a rana, kwana 5 a mako, ya sami 540 a shekara. Daga aji uku zuwa aji shida, shekara 4, ya tara 2,160. Da yayyafi kogi kan cika. Sharaɗin kawai shi ne kada a mai da abin haddar aku. Kowace kalma a sa ta cikin jimla, a sāke dawo da ita bayan kwana biyu, bayan mako, bayan wata, a kuma ba yaro ɗan gajeren labari da zai gamu da ita a ciki.

Mun san akwai masu cewa wannan bautar harshen Turawa ce, kuma zai raunana Hausa. Muna girmama kishinsu, amma muna tuna musu cewa masu hali sun riga sun saya wa 'ya'yansu Turanci a makarantun kuɗi. Wanda ake hana wa shi ne ɗan talaka. Hanyar da muke kira a bi kuwa sai yaro ya iya karanta Hausa tukuna, saboda haka riba biyu ce. Akwai kuma wata al'ada tsakanin 'yan boko da ta kamata a yi watsi da ita, ta auna ilmin mutum da tsawon kalmomin da yake furtawa. Dogon Turanci a gaban yaran ƙauye ba ya koya musu kome sai cewa abin ya fi ƙarfinsu.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kano, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024, da ta sa a tsara jerin kalmomi 2,000 na Turanci da ma'anarsu da Hausa, an rarraba su aji aji, a buga a ɗan littafi mai araha, a ba kowane malamin firamare da kowane yaro. Masu aikin suna nan. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da malaman kwalejojin ilmi na jihar, sun isa su gama shi cikin zango guda, ga kuma ƙamusun Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990 da za a dogara da su. A kuma riƙa gwada yara a ƙarshen kowace shekara, a san kalma nawa suka riƙe.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, ba sai mun jira gwamnati ba. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta a nan. Kowace ta ɗauki makarantu biyu ko uku a garinsu lokacin hutu. A fara gaida dagaci da liman da hedimasta, a nemi izninsu. In hutun ya faɗo a damina, a sani da safe yara na gona, saboda haka a nemi yamma, musamman Alhamis da Juma'a da ba a karatun allo. A kula da yara mata, don su ne aka fi barin su a baya. Alli da allo da sa'a guda sun isa. Ma'aikacin da ba shi da lokaci ya sayi littattafan rubutu, ko ya biya kuɗin buga takardu.

Kowannenmu da ke zaune a ɗakin lacca yau, akwai wanda ya tsaya ya gaya masa ma'anar kalmar farko. Bashi ne, kuma ƙannenmu na Kunci da Tsanyawa da Makoɗa su ne masu karɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon biya, amin.