Share ko goge?

A shagunan intanet na Zangon Kwatano, allon madannai na Faransanci ne, wato AZERTY. Mai duba saƙonni a Gmail, in ya kunna gajerun umarni, yakan danna j ya gangara ga tsohon saƙo, k ya hau ga sabo. Alamar # mai kawar da saƙo kuwa, sai an haɗa AltGr da 3.

Ɗalibai kan kira wannan aiki "goge". Ban yarda ba. Abin da aka goge ya tafi ke nan, kamar rubutun alli. Saƙon nan kwandon shara yake faɗawa, ya yi kwana 30 ana iya ɗauko shi. Shara kuwa share ta ake yi, don haka "na share saƙon" ya fi dacewa. "Goge" ya jira ranar da aka zazzage kwandon.