Na'urar Tattaki Ba Maratayar Kaya Ba Ce

Wata al'ada ta zama ruwan dare a gidajenmu na birni. Da zarar likita ya ce hawan jini ya kama maigida, ko suga ya hau wa uwargida, sai a garzaya kasuwa a sayo na'urar tattaki, wadda ake kira tiredmil, a girke ta a falo. Za a hau ta mako biyu cikin zumuɗi, daga nan ta koma maratayar hijabi da babbar riga. Bayan wata shida a kunna, ta ƙi tashi, sai ku ji ana cewa kayan zamani ba su da ƙarko. Ku gafarce ni, 'yan uwa, amma yawancin na'urorin nan mu ne muke kashe su da hannunmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako. Ga dattijon da zafin watan Afrilu ya hana shi fita, ko matar da ba ta sakewa ta yi tattaki a bakin titi, wannan na'ura tana cikin maganinsu kamar ƙwayar da suke haɗiya da safe. Ranar da ta lalace, tattakin ya tsaya, kuma kun san sau da yawa ba a komawa.

Babban abin da ke cinye ta shi ne gogayya tsakanin bel ɗin da kuke takawa da katakon da ke ƙarƙashinsa. Idan wurin ya bushe, injin yana wahala kafin ya ja nauyinku, sai ya yi zafi, ya zuƙi wuta fiye da ƙima, har ya ƙone ko ya ƙona allon lantarkin da ke sarrafa shi. Maganin wannan ɗan kwalban man silikon ne, wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da kuɗin sabon inji ba. Amma me ake yi? Wani ya zuba baƙin mai na babur, wani girisi, wata ma man gyaɗa ta ɗebo daga kicin, wai ai mai mai ne. Man da aka samo daga fetur yana lalata robar bel, man girki kuwa yana yin danƙo ya tara datti. Ku zare filogi, ku zura hannu ƙarƙashin bel ta tsakiya. In kun ji wurin a bushe, ku ɗaga gefen bel ku zuba silikon kaɗan a kan katakon, sannan ku kunna na'urar a hankali na 'yan mintoci ya bazu. Sau nawa za a yi, littafin da ya zo da ita ne alƙali, domin akwai waɗanda aka ƙera da kakin da ba ya buƙatar ƙarin mai. Littafin nan da kuka jefar tare da kwali, ku nemo shi.

Sai ƙura. Wanda ya ƙera na'urar bai san hunturunmu ba, lokacin da ake share ɗaki da safe, kafin azahar ya koma yadda yake. Ku shimfiɗa mata tabarmar roba, ku rufe ta da mayafi bayan an gama, ku goge gumi daga hannayenta da allon maɓallai domin gishirinsa yana cin ƙarfe. Ku ware mata takalmi na cikin gida, kada a hau da wanda aka taka yashin unguwa da shi. Mai ciwon suga kuma kada ya kuskura ya hau ba takalmi, saboda ƙafarsa na iya jin rauni bai sani ba.

Batun wuta ba sai na tsawaita ba, kun fi ni sanin yadda take zuwa da yadda take ɗaukewa. Ku ba na'urar soket nata ita kaɗai, da sitabilaiza mai ƙarfin ɗaukarta, kada ku jona ta a ƙaramin janareta, kuma ku zare filogi duk lokacin da ba a amfani da ita. In bel ya karkace gefe ɗaya ko yana zamewa, akwai kusoshi biyu a bayanta da ake juyawa rubu'i-rubu'i, ana dubawa. Ɗaure shi tamau shi ma ɓarna ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sakacin da ake yi da yara. A watan Mayu na 2021 kamfanin Peloton a Amurka ya janye na'urarsa Tread+ daga kasuwa bayan mutuwar wani yaro ɗan shekara shida da ta ja ƙarƙashinta, ga kuma wasu da dama da suka jikkata. Mu kuwa a nan ana barin na'ura a jone a tsakiyar falo, maɓallin tsaro yana maƙale a jikinta, jikoki suna rarrafe a kewaye, manya suna dariya idan yaro ya hau. Bel mai gudu yana saɓule fatar hannun yaro cikin ƙiftawar ido. Maɓallin nan mai igiya an yi shi ne ku maƙala a rigarku, domin in kun zame ya fizge, na'urar ta tsaya. In kun sauka, ku cire shi ku ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ku bar fili kamar mita biyu a bayanta, kada ku manna ta da bango, domin wanda ya faɗi bayan ake jefa shi. Kuma kada kowa ya hau alhali ƙaramin yaro yana cikin ɗakin, ko da uwarsa tana zaune a wurin.