RA'AYINMU: A Sabunta Katin Zama Tun Ba A Tambaya Ba

Duk direban babbar mota da ɗan kasuwar da ke safarar shanu ko albasa ko wake daga Arewa zuwa Ikko da Badun ya san Lambata, garin nan da ke kan hanyar Suleja zuwa Minna, inda hanya ta rabu ta nufi Lapai da Bida, ta bi ta Mokwa, ta haye gadar Jebba, ta gangara Kurmi. A kasuwar Lambata, kamar yadda yake a Sabo ta Badun da Agege da Idi-Araba da Anaca da Fatakwal, ɗan Katsina da ɗan Maraɗi tabarma ɗaya suke zama, sahu ɗaya suke salla, ɗan gari kuwa ba ya iya rarrabe su. Amma fa doka tana rarrabewa. Ɗaya ɗan ƙasa ne, ɗayan baƙo ne, zaman baƙo kuwa a kan takarda yake, wato katin izinin zama wanda Hukumar Shige da Fice take bayarwa. Wannan kati yana da ranar ƙarewa rubuce a jikinsa, kuma a kan wannan rana muke so mu jawo hankalin jama'a.

Da farko dai ya kamata a san abin da doka ta ce. Yarjejeniyar da ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka ƙulla a Dakar a 1979 ta yarje wa ɗan kowace ƙasa a cikinsu ya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. A 1986 aka ƙara masa da haƙƙin zama, amma bisa sharaɗin ya yi rajista ya karɓi kati. Saboda haka wanda ya wuce kwana 90 ba kati, ko wanda katinsa ya ƙare bai sabunta ba, ko da ya shekara ashirin a gari, ya yi aure ya hayayyafa, a idon doka baƙo ne marar izini. Haihuwa a nan ma ba ta isa ba, domin sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa bayan samun mulkin kai sai uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ya zama ɗan Nijeriya kafin shi ma ya zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa.

Wani zai ce ai shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Haka mutanenmu na zangon Kumasi da na Ankara suke faɗa, har ranar 18 ga Nuwamba, 1969, da gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya bar Gana. 'Yan Nijeriya fiye da 100,000 suka kwaso ya-nasu-ya-nasu, aka karyar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, fataken goro da aka haife su a can suka dawo ƙasar da ba su taɓa gani ba. Mu ma nan mun yi irinta. Ranar 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da irin wannan wa'adi na mako biyu, mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, da 'yan Nijar da Cadi masu yawa. A 1985 gwamnatin soja ta sake maimaitawa. A duk waɗannan lokatai ba a tambayi kowa shekara nawa ya yi a gari ba, ba a tambayi wane ne surukinsa ba. Takarda kaɗai aka tambaya.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne abubuwa biyu da suka faru a 2025. Na ɗaya, ranar 29 ga Janairu ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Gaskiya ne ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa a ci gaba da barin 'yan waɗannan ƙasashe su yi zirga-zirga su zauna har sai an ba da wata sanarwa. To, amma abin da a da haƙƙi ne na yarjejeniya ya koma alfarma, ita kuwa alfarma rigar aro ce. Na biyu, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta yi wa baƙin da takardunsu suka ƙare afuwa daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba don su gyara zamansu, ta kuma yanka tarar dalar Amurka 15 a kowace rana ga wanda ya zarce wa'adin bizarsa. Mai hankali ya ga inda iska ta dosa.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu baƙi, na Lambata da na kowane zango a Kudu: kowa ya ciro katinsa yau ya duba ranar da ke jiki, wanda bai iya boko ba ya kai wa ɗansa ko maƙwabcinsa ya karanta masa. A tafi ofishin Shige da Fice tun da sauran lokaci, a riƙe fasfo ko takardar tafiya da hotuna da shaidar sana'a da ta wurin zama. A guji 'yan kamashon bakin ƙofa, a biya kuɗi inda hukuma ta ce a biya, a karɓi rasit, a adana. Wanda ya cika shekara 15 a ƙasar nan, kuma yana son ya zama ɗan ƙasa, sashe na 27 ya buɗe masa ƙofar nema.

Akwai wata gajeriyar hanya da wasu ke bi wadda tilas mu yi tir da ita, wato sayen takardar shaidar zama ɗan asalin wata ƙaramar hukuma ta bayan fage. Wannan laifi ne ga mai saye da mai sayarwa, kuma ɓarnarsa a kan ɗan Arewa na gaskiya take ƙarewa, domin kowace takardar jabu da aka kama tana sa a yi shakkar sahihai dubu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Kada ɗan Kano ko ɗan Sakkwato da ke zaune a Kudu ya ce wannan ba ruwansa. Idan kame ya zo, da hula da harshe ake fara shi. A ƙarshen watan Agusta na 2019 jami'an Jihar Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da samari 123 daga Jigawa tare da baburansu, aka tsare su ana bincike, sa'an nan aka sake su da ba a same su da laifi ba. Tun a 1980 ma an taɓa kwasar Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Jihar Barno, aka kai shi Cadi wai baƙo ne, sai da kotu ta tabbatar masa da ƙasarsa. In haka ta sami ɗan majalisa, ina ga mai turin ruwa? Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so cikin ƙasar nan, amma sai ya iya nuna cewa shi ɗan Nijeriya ne. Kowa ya mallaki lambarsa ta NIN, ya yanka wa 'ya'yansa takardar haihuwa.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da limamai suna da babban nauyi a nan. Su ne suka san wanda ya sauka da gidan da ya sauka. Ya kamata kowace fada ta ajiye littafi, ta riƙa tuna wa mutanenta kafin katinsu ya ƙare, ta kuma sa mai ilmi ya raka su ofis don kada a cuce su.

Ita ma Gwamnati da nata. Ɗan ƙwadagon da abincin gidansa ya dogara ga fitar yau ba zai iya yin jelen ofis kwana da kwanaki ba. Muna roƙon Hukumar Shige da Fice ta riƙa kai teburinta manyan kasuwanni irin na Lambata a ranar da suke ci, ta manna kuɗin da ake biya a fili, ta yi shela da Hausa a gidajen rediyo, ta kuma fito ta bayyana wa 'yan Nijar matsayin katinsu a sarari. Muna kuma sa ran wakilan jam'iyyarmu a Majalisar Tarayya za su bi wannan magana har ta kai inda ya kamata. Ƙasar da ta sauƙaƙa wa baƙo rajista ita ce take sanin wanda ke cikinta.

Magabata sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga na 1969, mun ga na 1983. Allah Ya sa kunne ya ji, jiki ya tsira, amin.