Maganar Sayen Ƙaramar Jif Ta Gwanjo, Da Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

 Maganar da za mu duba a wannan mako ita ce ta motocin nan da jama'a ke kira jif, musamman ƙananansu na alfarma, waɗanda aka riga aka hau a Turai da Amurka kafin a kawo mana su. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Wudil, ko mai cin kasuwar Kara ran Juma'a, ya ga yadda suka yawaita. Har a nan Indabo da Darki da Utai, in kaka ta yi kyau, ko cinikin shanu ya yi albarka, sai ka ji ana yi wa mutum kirari, ana cewa lokaci ya yi da zai sauka daga babur ya shiga jif. To, da ya ke abin da za a taɓa jari ne, jari kuwa shi ne abincin gida da kuɗin makarantar yara, ya kamata a auna maganar da ma'auni.

Da farko mu san abin da a ke magana a kansa. Mercedes-Benz, wadda mu ke kira Marsandi, ta ƙera GLK daga 2008 zuwa 2015, sa'an nan ta musanya ta da GLC. BMW ta fito da X3 a 2003, Audi ta fito da Q5 a 2008. Lexus kuwa ɗiyar Toyota ce, an kafa ta a 1989, ita ke da RX wadda ta ɗan fi waɗancan girma, da NX wadda ta fito a 2014. Ma'anar wannan lissafi ita ce, GLK mafi ƙuruciya a duniya yau ta kai shekara goma. Ko da ta yi ƙyalli kamar amarya, tsohuwa ce.

Yaya aka yi muka koma ga gwanjo? Dattawanmu sun san zamanin da aka buɗe ma'aikatar Peugeot a Kaduna a 1975, sa'ad da ma'aikaci da ɗan kasuwa ke sayen 504 sabuwa dal. Da darajar Naira ta faɗi daga 1986, sai sabuwar mota ta gagari mai matsakaicin hali, aka juya ga waɗanda Turawa suka gaji da su. Aka riƙa sauke su a Kwatano, waɗansu su bi ta Nijar, su yi zango a Maraɗi ko Birnin Ƙonni, su shigo ta Jibiya ko Illela. Daga nan ne sunan 'yar Kwatano ya samo asali. Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kimanin kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka nufo.

Sa'an nan abubuwa uku suka auku waɗanda suka sauya wannan ciniki. Na ɗaya, hukuma ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa daga ran 1 ga Janairu 2017, aka ce sai ta tashar jirgin ruwa, kuma a watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya har zuwa Disamba 2020. Na biyu, a 2022 kwastan suka fara ƙiyasta kuɗin fito bisa ga lambar shasi, watau na'ura ce ke faɗin ƙimar mota, ba ciniki tsakanin ma'aikaci da wakili ba. Na uku, wanda ya fi su duka nauyi, shi ne abin da ya faru a 2023. Ran 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi.

Bari mu buga misali, domin ɗan kasuwa da lissafi ya ke gane magana. Motar da kuɗinta ya ke dala 10,000, sa'ad da dala ta ke Naira 460 a farkon 2023, Naira miliyan 4 da dubu 600 ke nan. Sa'ad da dala ta kai Naira 1,500 a 2024, wannan motar dai, ba a ƙara mata ko ƙusa ba, ta zama Naira miliyan 15. Kuɗin jirgi da dala a ke biya, kuɗin fito ma bisa ga farashin dala a ke lissafa shi. Saboda haka masu shigo da kaya suka rabu biyu. Waɗansu suka rage kawowa, kasuwa ta koma ga motocin da aka riga aka hau a nan gida. Waɗansu kuwa suka nemi mafi arha a wuraren gwanjon Amurka, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi karo ko ruwa ya ci. A nan ne haɗarin mai saye ya ke.

Motar da ta yi karo a kan kawo ta da gabanta a murƙushe, mai gyaran bodi ya miƙe ta, mai fenti ya rufe tabon, ta fito bakin titi kamar ba ta taɓa ganin wahala ba. Wadda ruwa ya ci ta fi wannan sharri. Bayan guguwar Harvey a 2017 da ta Ian a 2022 dubban motoci sun nutse a Amurka. Irin waɗannan jif kuwa cike su ke da wayoyi da ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin kujera da darduma, ruwa in ya shige su sai ya yi ta cin su a hankali. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi mota ta mutu a kan gadar Wudil. Har wa yau akwai masu mayar da agogon tafiya baya, da masu cire abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, su sayar da shi dabam saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinsa.

Kakanninmu ba su sayen doki sai sun buɗe bakinsa sun duba haƙori, sun ɗaga kofato, sun sa an yi sukuwa da shi a gabansu. Haƙorin mota shi ne lambar shasi, haruffa da lambobi 17, tana nan a gindin gilashin gaba da jikin ƙofar direba. In motar daga Amurka ko Kanada ta fito, da wannan lamba a kan iya neman tarihinta a intanet da kuɗi kaɗan, a ga ko ta yi karo, ko ta nutse, da tafiyar da ta yi. Bayan wannan a je da bakaniken da mai saye ya zaɓa da kansa, ba na dillali ba, ya sa mata na'ura, ya shiga ƙarƙashinta, ya ɗaga darduma ya nemi tsatsa da laka. A tayar da injin da safe yana sanyi. A duba taya, gama a jikinta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ba a cinikin biri a sama, balle mota ta hoton waya.

Sai maganar takarda. A watan Satumba 2019 kwastan sun garƙame wuraren sayar da motoci a garuruwa da yawa suna neman waɗanda ba a biya musu fito ba. Wanda ya sayi motar fasa-ƙwauri, ko da bai sani ba, motar a kan kama, kuma shi ke kwana da hasara. Ya wajaba a kai takardar fito ofishin kwastan a tabbatar da ita kafin a biya kuɗi, a ga lambar da ke takarda ita ce a jikin mota. Akwai kuma ta sata. Lexus RX tana cikin motocin da aka fi sacewa a Kanada, kuma a watan Satumba 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can. Malamai sun san hukuncin wannan a babin ciniki na Risala da Muhtasar: in mai dukiya ya tabbatar da hakkinsa zai karɓi abinsa, mai saye kuwa ya koma ga wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. To, in wancan ya ɓace fa?

Wanda ya tsira daga waɗannan duka, saura ɗawainiya. Sayen doki rana ɗaya ne, ciyawa da dawa da kanwa kuwa kullum ne. Tankin GLK yana cin lita 66. Sa'ad da lita ta ke Naira 185, cika shi bai wuce Naira 12,210 ba. Da lita ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, ya zama Naira 66,000 ko fiye. Injin mai silinda shida ba ya kai lita guda nesa da kilomita 8 zuwa 10, zuwa Kano da komowa daga ƙasar Wudil kuwa ya haura kilomita 80. Motocin Jamus suna son mai mai kyau da baƙin mai na musamman, ba na gwangwanin bakin hanya ba. Waɗanda ke ja da ƙafa huɗu ba su son taya guda sabuwa, uku tsofaffi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, zafin bazara yana gwada lagireto, ramukan damina suna karya ƙafafu. Inshorar dole ma ta tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a Janairu 2023, ga lasin, ga 'yan KAROTA da jami'an kiyaye haɗura masu tambayar takarda.

A nan akwai bambanci tsakanin iri da iri. Injin Lexus RX 350 dangin na Camry da Highlander ne, saboda haka kayan gyaransa suna samuwa a Ƙofar Ruwa, makanikan da suka san Toyota kuma suna da yawa. Marsandi da BMW da Audi suna da daɗin tuƙi da nauyi a kan hanya, amma suna bukatar gwani mai na'ura, wanda sai a cikin birni, kayansu kuma da kuɗin waje a ke sayowa. Mutumin Indabo wanda motarsa ta tsaya, kafin a fara gyara ya riga ya biya kuɗin janwe zuwa Kano.

Ba mu ce jif ba ta da amfani. Tsayinta daga ƙasa yana taimako a hanyar burji da damina, ga mai iyali da mai jinya rahama ce, kuma fatake sun san abin hawa mai kyau yana ƙara wa mutum kwarjini wurin ciniki. Shari'a ba ta hana mai wadata ya ji daɗin halalinsa ba. Abin dubawa shi ne daga wace jaka kuɗin ya fito. Naira miliyan 15 in tana cikin hatsi ko shanu tana juyawa, tana haihuwa, ana fitar mata da zakka matalauta su amfana. In ta koma motar hawa, ba zakka a kanta, ba riba, sai ci. Waɗansu suna cewa ai mota ma ajiya ce, tun da waɗanda suka saya kafin 2023 sun sayar da tsada. Wannan kallon kitse ne a ke yi wa rogo. Naira ce ta faɗi, motar ba ta ƙaru da kome ba, kuma wanda ya sayar ya kasa sayen irinta da kuɗin da ya karɓa.

Ga masu sayarwa da dillalai kuma akwai tunatarwa. Ɓoye aibi haramun ne, mai saye in ya gano tsohon aibin da aka rufe masa yana da zaɓin mayar da kaya. Dillalin da ya san mota ta nutse ya yi shiru, la'adarsa ba ta da tsarki. Haka wanda ke taya kaya ba da nufin saye ba, sai domin ya ɗaga farashi a ruɗi baƙo. In za a bar saura bashi, a rubuta, a sa shaidu, a yanke ajali, a nisanci ƙari na riba.

Abin da muka gani ke nan: wanda zai iya sayen motar daga ribarsa, bai taɓa uwar kuɗi ba, bai ci bashi ba, ya kuma ajiye na mai da gyara na shekara guda a gefe, to, ya bincika ya saya, Allah ya sa alheri. Wanda kuwa sai ya sayar da gona ko ya rage garke, ya haƙura da abin hawan da ya ke da shi har Allah ya buɗa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya kiyaye mu a kan hanya. Haza wasalam.

Daga Indabo, ƙasar Wudil.